Bishiyar Gidan Jaji

Duk wanda ya san Dakta Sada ya san baƙar jakar nan da ba ta rabuwa da hammatarsa. Mutanen Kankiya sun ɗauka magunguna ne a ciki, ko allurai. Ina! Katuna ne zalla, irin na gidan waya, an ɗaure su da roba dami-dami. A zamanin, idan masani ya rubuta maƙala ta fito a mujallar likitoci, duk wanda ya ji labarinta a wata ƙasa yana son kwafi, sai ya aiko masa da ɗan kati yana roƙo. Sada kuwa katuna sun zo masa daga ƙasashen da ko sunansu uwarsa ba ta iya faɗa. Akwai kuma wani ƙaton littafi da ke zuwa laburaren asibitin koyarwar da yake aiki, wanda ke nuna wane ya ambaci aikin wane a cikin rubutunsa. Ranar da sabon littafin ya iso, Sada ko abincin rana ba ya ci sai ya duba sunansa.

Maƙala goma sha ɗaya ya rubuta, amma ɗaya ce ta yi masa suna. Zuwa kakar 1976, masana arba'in da uku sun ambace ta. Ba na cewa girman kai gare shi, mutumin kirki ne, yana durƙusa wa manya. Sai dai in ka zauna da shi rabin awa, wallahi sai ka ji arba'in da ukun nan.

Maƙalar a kan wani gidan Fulani take, rugar Jaji, can bayan Ƙofa a ƙasar Kusada. Mutum bakwai sankarar jini ta kashe a gidan, daga kakanni zuwa jikoki. Mutum yana lafiyarsa sai ya fara haɓo, dasashi ya riƙa jini, jiki ya yi fari, kafin wata uku an kai shi. Sada ya yi rani biyu yana zarya rugar, yana ɗibar jini yana tambayar wane ɗan wane. Daga ƙarshe ya zana bishiyar gidan a shafi guda: namiji ɗan akwati, mace zobe, wanda ciwon ya kashe a cike shi da baƙin tawada. Da ya kalli zanen sai ya ga abin da ba wanda ya taɓa rubutawa. Duka bakwai ɗin ta wajen uba suka samo ciwon. Uba yana ba ɗansa, yana ba 'yarsa, amma mace ba ta taɓa ba wanda ta haifa ba. In ciwon ya shiga mace, a kanta yake tsayawa.

Bai tsaya a takarda ba. Ya tara mutanen rugar ya faɗa musu, kuma a shekarar aka aurar da 'yan matan gidan huɗu da a da ba mai kallonsu. Ta biyar shi da kansa ya nema, Hassana, autar Jaji. Mahaifiyarsa, Inna Rahamatu, ta yi kuka ta ce ba za ta haɗa iri da gidan da ake mutuwa da jini ba. Ya zaunar da ita ya nuna mata zanen, ya ce Hassana ita kam zai riƙa duba jininta duk wata shida, amma 'ya'yan da za ta haifa ba abin da zai same su. Ya kuwa cika alkawari, bai taɓa tsallake duba Hassana ba. 'Yarsu Jamilatu kuma, da yanzu take shekara huɗu, ko sau ɗaya bai taɓa huda mata yatsa ba.

To, a kakar nan suka zo gida Kankiya hutu. Kwanansu tara, wata safiya da hantsi suna zaune a tsakar gida, Inna Rahamatu na tsince wake, Sada na kan kujera yana amsa katunansa. Jamilatu na gefen tabarma tana shan raken da kakarta ta fere mata. Sada ya ɗaga kai kawai don ya yi mata wasa, sai idonsa ya faɗa kan abin da ta tsotse ta tofar. Ja ne. Ba ɗaya ba, duk tarin ja ne.

 Ya kira ta, ya ɗage mata leɓe, ya ga dasashin yana tsattsafo da jini. Ya juya tafin hannunta, fari fat. A ƙwaurinta akwai wasu tabo baƙi-baƙi guda uku, irin na wanda aka tsunkula da ƙarfi.

"Faɗuwa kika yi?"

Ta girgiza kai. Ta miƙa hannu tana son rakenta.

Hassana ta fito daga madafa tana goge hannu. Jamilatu 'yar farinta ce, don haka tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma ɗaukarta a gaban surukuwa. Daga nesa ta tsaya ta ce, "Likita, yarinyar nan fa mako biyu ke nan zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Ga madubinka can a mota. Ka ɗan ɗiba mana ka duba."

Madubin likitan da take nufi nasa ne na kansa, tsoho, a akwatin katako, wanda ba ya buƙatar lantarki, da hasken rana yake aiki. Da shi ya yi duk aikin rugar. Minti ashirin sun ishe shi ya san komai. Amma me? Sai mutumin nan ya hau faɗa.

"In duba me? Rake ne ya yanke ta! Wane yaro ne rake bai taɓa yanka ba? Zazzaɓi kuwa, ai na sauro ne. Ke kina ganin mutum arba'in da uku, manyan masana na duniya, duk sun karanta sun yarda, sai ke ce za ki zo ki ce in duba?"

"Ni ban ce komai ba," in ji Hassana.

"To ki bar ni."

Tsoro ne, ba wani abu ba. Shi ma ya san tsoro ne, shi ya sa ya ƙara ɗaga murya. Ya koma kujera ya ɗauki biro, amma hannunsa ya ƙi rubutu. Inna Rahamatu ta kalle shi ta kalli jikarta, ta tashi da faifanta ta shige ɗaki.

Hassana ta durƙusa tana share totuwar raken da tsintsiya. Can a hankali, kamar da kanta take magana, ta ce, "Na Goggo ma haka ya fara. Shi ma da rake aka gani."

"Na wace Goggo?"

"Goggo Nagoggo mana. Hamma Bube nake nufi."

Nagoggo ƙanwar Jaji ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A zanen Sada zobe ce mai 'ya'ya shida, dukansu lafiya lau, kuma ita ce babbar hujjarsa cewa mace ba ta bayarwa. Bube kuwa shi ne na bakwai da ya mutu, baƙin akwati a ƙarƙashin Jaji. Sada ya ajiye biron.

"Bube ai ɗan Baffa Jaji ne. Wanki ne."

"Baffa ya riƙe shi dai. Tun daga yaye. Amma ai ɗan farin Goggo ne."

Ya ji kamar an kwara masa ruwan randa a baya. Ya ce, "Hassana, shekara biyar muna tare. Kin san abin da na rubuta. Ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ɗago, idanunta sun fara kawo ruwa don ta ga yadda fuskarsa ta koma. "Na zaci ka sani. Kowa a rugar ya sani. Da ka ce mata ba sa ba 'ya'yansu, mu duk mun ɗauka madubin ne ya nuna maka. Wa zai yi gardama da madubi? Baffa ya ce halan na Hamma daban ne, ko iska ce."

Madubi bai nuna masa komai ba a kan wannan. Madubi ciwo kawai yake nunawa, ba ya faɗin wanda ya haifi mutum. Duk bishiyar daga bakinsu ya ɗauke ta. Su sun yarda da shi don yana da madubi, shi ya yarda da su don gidansu ne, masanan duniya kuma suka yarda da zanen don an buga shi a mujalla. A cikin arba'in da ukun nan ba ko mutum ɗaya da ya san inda Ƙofa take.

Sai wata dabara ta faɗo masa, ya cafke ta da hannu biyu. Fulani ai auren gida suke yi. In mijin Nagoggo na fari ɗan gidan ne, ɗan baffanta, to Bube ta wajen ubansa ya samo, magana ta zauna daram, Jamilatu kuma rake ne kawai ya yanke ta.

"Waye uban Bube?"

"Ban sani ba. Kafin a haife ni ne. Ba a maganarsa."

Ya miƙe ya ɗauki makullin mota da jakarsa. Hassana ta bi shi har zaure tana cewa, "Likita, ka duba ta tukuna mana, sai ka tafi." Bai waiwayo ba. Ka ji mutum! Amsa na cikin akwati a bayan motarsa, shi kuwa ya gwammace ya je har ƙasar Kusada ya nemo ta a bakin tsohuwa, don ita wannan amsar tana iya zuwa da daɗi.

Hanyar ba kwalta, ga ramukan da damina ta bari. Gero duk an girbe, an jingina dammuna a gonaki, dawa ce kawai ta rage a tsaye. Yana tuƙi yana tuno ranar da ya zauna gaban Nagoggo da littafinsa, shekara takwas da suka wuce. Ya tambaye ta 'ya'yanta, ta lissafa shida da sunayensu. Ya tambaye ta marigayi Bube, ta kau da kai ta ce, "Wancan? Tambayi Jaji." Shi kuma ya rubuta a gefen shafi cewa goggon mamacin tana cikin baƙin ciki, ba ta son maganar.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ba Bature ba ne shi balle a ce bai san al'ada ba. Shi kansa ɗan fari ne. A Tafashiya ya girma wajen kakansa, sai da ya shiga makaranta ya dawo gidan ubansa. Har yau ɗin nan Inna Rahamatu ba ta taɓa cewa "Sada" ba, sai dai "kai" ko "Likita". In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga ƙanensa take fara lissafi. A gabansa ake yi, yana dariya. Amma da ya riƙe biro da takarda mai layi-layi, sai duk wannan ya fice masa daga kai, ya rubuta shida.

Ya iso rugar rana ta take tsaka. Shanu na can cikin karan gonakin mutanen Ƙofa, ruga shiru sai 'yan maruƙa a ɗaure. Jaji na zaune ƙarƙashin gawo yana tufkar igiya, ya tsufa ƙwarai, amma idonsa garau. Sada ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Sada na amsawa. Da ƙyar ya bari aka kai ƙarshe.

"Baffa, tambaya ce ta kawo ni. Marigayi Bube."

"Allah shi jiƙan shi."

"Amin. Wa ya haife shi?"

Jaji ya dakata da tufkar. "Ɗana ne. A hannuna ya tashi, ni na ba shi saniyar fari, ni na yi mashi aure."

"Na sani, Baffa. Cikin wa ya fito?"

Tsohon ya kalli bukkar da ke can gefe, inda ake jin ƙarar kaɗa nono. Ya rage murya. "Ai ka san ba a faɗi. Ta haife shi tana yarinya, aka yaye shi aka ba ni. Mi ya tado da maganar yau?"

"Ubansa fa? Ɗan gidan nan ne? Ɗan baffanku ne?" Sada ya matso kusa da shi. "Don Allah Baffa ka tuna da kyau."

"Mi zan tuna? Baƙo ne. Daga wajen Maraɗi suka zo cin rani, wasu mutane daban, ba mu haɗa kaka ba ko ta nesa. Auren ma bai yi shekara biyu ba ya bi shanunshi ya tafi. Na ji an ce har yanzu shina nan da ranshi, da ɗiyanshi tuli, ba mai ko ciwon kai."

Shi ke nan. Abin da ya riƙo tun daga Kankiya ya suɓuce. Sada ya zauna daɓas a ƙasa, da farin wandonsa, a gaban surukinsa. Ya buɗe jakar ba tare da ya san me yake nema ba, ya zaro kwafin maƙalar, ya buɗe shafin zanen. Ga baƙin akwatin nan a ƙarƙashin Jaji. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya kamata a ja shi zuwa zoben da ke gefe.

"Likita," in ji Jaji, "lafiya kuwa?"

 Ya tashi ya nufi bukkar, don yana so ya ji daga bakin mai ita. Nagoggo na zaune a ƙofa da ƙwarya tsakanin ƙafafunta, siririyar tsohuwa mai dogon wuya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Goggo, shekarun baya na tambaye ki 'ya'yanki, kika ce shida."

"Shida ne."

"Bube fa?"

Hannunta ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya masa kafaɗa. Shekara tara da mutuwarsa, amma kunyar tana nan yadda take. Da ɗan wanta ne da gaske, da ta ce Allah ya jiƙansa ta kira sunan ba wani nauyi. Irin juyawar nan ce ta yi masa a wancan karon, shi ya rubuta baƙin ciki.

 Ƙuda na ta sauka a bakin ƙwaryar ba wanda ya kore shi. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Ɗiyar Hassana ce?"

"Ita ce, Goggo."

"Ta fara haɓo?"

"Tukuna. Dasashi ne."

"Haɓon na tafe." Ta faɗe shi yadda ake faɗin hadari ya haɗo. Sannan ta nuna wani fili da haɓarta, inda ba komai yanzu sai busasshiyar ciyawa. "Can bukkar take. Kwana goma sha ɗaya wancan shina kwance a ciki. Ina nan inda nake zaune, ina jin numfashinshi. Matar Jaji ke shiga, ni sai dai in dama fura in ba yara su kai. Ranar ƙarshe na ji shina kiran Inna, Inna. Na ce da matar Jaji yake. Ban tashi ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Har yau ban sani ba ko da ni yake. Tashi ka koma gida, Likita. Mi kake yi nan?"

Ya fito ya yi wa Jaji sallama a tsaitsaye. Tsohon ya biyo shi har mota, yana jan ƙafa. "To su Hawwa fa, 'yan matan da ka ce a aurar? Duk sun hayayyafa." Sada ya ce zai dawo, zai duba kowa, zai rubuta wa mujallar ya ce ya yi kuskure. Yana faɗa yana jin maganar ba ta da nauyi a bakinsa. Da safiyar yau, da wani ya ce masa zai janye maƙalar nan, da sai ya ji kamar an ce a yanke masa hannu. Yanzu da za a karɓe duka goma sha ɗayan a ƙone, a ce masa rake ne, da ya haɗa da godiya.

Sai ya kalli rana, ya ga ta karkata. Madubinsa ba ya aiki da fitila. In rana ta faɗi bai iso ba, sai gobe, kuma ya san ba zai iya kwana da wannan abu a ƙirjinsa ba. Shi da ya gudu daga madubin da safe, yanzu shi ne ke taka mota a kan ramuka kamar zai karya ta. Wajen wani rafi ya tarar da garken shanu sun cika hanya, ya danna oda har makiyayin ya ɗaga masa sanda. Yana jira yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Yana kuma gaya wa kansa cewa ba kowa ciwon ke kamawa ba, ga Jaji ya tsufa, ga 'ya'yan Nagoggo shida, ga Hassana kanta. Yaro na iya yin fari don tsutsar ciki. Sai tabon ƙwaurin nan guda uku su dawo masa a ido.

An idar da la'asar ya shigo Kankiya. Ya kinkimi akwatin katakon ya shiga gida. Jamilatu na kwance a tabarma a inuwar ɗaki, kanta a cinyar kakarta. Hassana na bakin madafa a tsaye. A gefen tabarmar akwai wani tsumma da aka dunƙule, aka tura ƙarƙashi don kada ya gani, amma ya gani. Haɓon ya zo.

Ba wanda ya tambaye shi abin da ya jiyo. Ya jawo turmi ya kife a inda rana ta rage a tsakar gidan, ya ɗora madubin a kai. Ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Kawo yatsa, Jamila. Kamar cizon tururuwa ne."

"Baba, za ka ba ni rake?"

"Zan ba ki."

Ya huda. Ta yi 'yar ƙara kaɗan. Jinin ya fito tsararo, ba kauri, ya ɗiga ɗaya a kan ɗan gilashi ya shafe shi da gefen wani. Ya ba Inna Rahamatu auduga ta danne yatsan. Gilashin na buƙatar bushewa, rana kuma na gudu, ya laluba aljihu ya zaro abin da hannunsa ya samu yana yi masa fifita. Sai da ya yi nisa ya lura kati ne, wanda ya zo makon jiya daga wata ƙasa mai sanyi, wani farfesa na roƙon kwafin kyakkyawan aikinsa. Ya ci gaba da fifitar da shi. Ya zuba rini, ya ƙirga mintoci, ya ɗauraye da ruwan buta, ya sake busarwa.

"Audugar nan ta jiƙe," in ji Inna Rahamatu. "Bai tsaya ba."

"Ki ƙara dannewa, Inna."

Inuwar katanga ta kusa cin turmin. Ya ja shi gaba, ya karkata ɗan madubin ƙasa har ya kamo rana, ya sa ido. Da farko dishi-dishi. Ya murza a hankali, sai abin ya fito tar.

Ya san su. Ya gan su a jinin mutanen da ya binne, ya ɗauki hotonsu, hoton yana shafi na uku na maƙalarsa. Manyan ƙwayoyi masu ƙaton ciki, rinin ya kama su shuɗi mai duhu, sun cunkushe wuri. Ya matsa gilashin gefe ko zai sami fili mai tsabta. Suna nan. Ya sake matsawa. Suna nan. Ya daɗe a sunkuye bayan ya gama gani, don ya san da zarar ya ɗago, Hassana za ta karanta fuskarsa.

Inuwa ta hau madubin, ciki ya yi duhu. Dole ya ɗago.

Ya buɗe baki zai ce da asuba za su kama hanyar asibiti, akwai sababbin magunguna, ana samun yaran da ke tashi. Duk gaskiya ne, kuma zai faɗa daga baya. 

Hassana ta dube shi, dubawa ɗaya. Ta saki ludayin da ke hannunta. Ta tako tsakar gidan, ta wuce mijinta, ta durƙusa a gaban surukuwarta, ta sa hannu biyu ta ɗauke yarinyar daga cinyarta ta rungume a ƙirji. Inna Rahamatu ba ta hana ta ba, ba ta kuma kau da kai ba.

"Jamilatu," in ji Hassana. Sunan ya fito mata a karkace, don bakinta bai saba da shi ba. Ta sake faɗa. "Jamilatu. Jamilatu."

Yarinyar ta ɗago kai tana waige-waige, tana neman wanda ya kira ta.